Ku Tambaya: Macijin Yadi, Rawar Mesa da Batun Gayyato Gardi Wajen Biki

Wasiƙun wannan karo daga Kumasi da Accra suka zo, kuma dukkansu a kan maciji a wajen biki suke. Mun taƙaita tambayoyin don a sami fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasa tana so ta fito da dogon macijin yadi a jerin gwanon bayan Sallah, irin wanda 'yan Sin suke ɗagawa da sanduna a bikin sabuwar shekararsu. Mun ɗinka buhunan shinkafa mun gwada, ya yage tun ranar farko. Yaya ake yinsa ya yi ƙarko? Daga wani matashi, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Buhun ya yage ne saboda kun bar shi ya ɗauki ja. Idan na gaba ya yi sauri na baya ya tsaya, duk ƙarfin a kan ɗinki yake sauka. A aikin da aka yi daidai igiya ce take ɗaukar ja, yadi kuwa sutura ce kawai.

Ku fara da ƙidayar mutane. Na 'yan Sin dodo ne mai jikin maciji, kuma sun saba yinsa da masu riƙo tara. Adadi ne mai kyau ga masu farawa: ɗaya a kai, bakwai a jiki, ɗaya a wutsiya. Ku bar mita ɗaya da rabi tsakanin sanda da sanda. Tazara takwas ke nan, mita 12, in an haɗa da kai da ƙarshen wutsiya a sami wajen mita 14. Wanda ya fi wannan tsawo ba zai iya juyawa a lungunan Aboabo ko Asawase ba.

Haƙarƙarin macijin zobba ne. Ku sayi sandar da ake saƙa kujeru da ita, ko siririn bututun roba da ake zura wayar lantarki a ciki. A yanka tsawon santimita 105, a lanƙwasa, baki ya hau baki da santimita 10, a ɗaure da waya a naɗe wayar da tsumma don kada ta huda yadi. Zoben zai fito da faɗin santimita 30. Dalilin wannan awo shi ne yadin kasuwa mai faɗin inci 45 zai zagaye shi har a sami rara, ba sai an yi ƙari ba. Zobe arba'in za ku yi, ɗaya a kowane santimita 30, shida na ƙarshe suna ƙanƙancewa zuwa wutsiya. Sai igiyar leda uku masu kaurin milimita 6, ɗaya a gadon baya, biyu a gefe da gefe, a ƙulla kowacce a jikin kowane zobe. Kullin nan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda matasa suke yi wa sakaci. Zobe ɗaya ya zame, sauran za su taru wuri guda, macijin ya yi ƙullutu a nan ya rame a can.

Yadi ku ɗauki mara nauyi, irin wanda teloli suke shafin riga da shi, yadi 18. Atamfa ta yi nauyi, kuma in ta jiƙe da ruwa ko gumi sai ta ƙara. Ku gaya wa tela ya bar yadin ya fi igiyar sakewa: inda igiya ta yi mita ɗaya da rabi, yadi ya yi mita ɗaya da santimita 70. Kada a ɗinke cikin macijin. A sa masa 'yan igiyoyin ɗauri a ƙasa, don iska ta riƙa wucewa, kuma in zobe ya karye a hanya a kwance a canja shi cikin minti biyu.

Sanda gora ce, tsawon mita ɗaya da santimita 20 ga manya, mita ɗaya ga yara. A samanta a gicciya guntun katako na santimita 35, a ɗaure shi a jikin zobe biyu. In aka ɗaure sanda a zobe ɗaya, jikin zai riƙa wulwulawa a kanta.

Kai kuma da kwando biyu ake yinsa, babba a sama ƙarami ya zama haɓa. A gyara siffar da soson katifa, a liƙa takardar buhun siminti da aka shafa wa sitacin rogo, shafi uku, kowanne ya kwana ya bushe kafin a ɗora na gaba. In kuka yi gaggawa ciki zai riƙe danshi ya yi funfuna. Daga nan fentin mai, hannu biyu, saboda ruwan saman Kumasi ba ya sallama. Kada kan ya wuce kilo 3. Kafin ku huda wa sanda wuri, ku ɗora kan a bisa yatsa ku nemo inda yake tsayawa daidai, nan sandar za ta shiga. Da yawa suna sa ta a ƙeya, sai kan ya riƙa rinjaya gaba, mai riƙo ya gaji kafin a bar unguwa.

Abin da ke sa mutane su ga maciji, ba tarin samari da yadi ba, shi ne jinkiri. Kowa zai yi abin da na gabansa ya yi, amma bayan bugun ganga ɗaya. Kai ya karkata dama a bugu na farko, na biyu ya karkata a bugu na biyu, haka har wutsiya. In duka tara suka karkata tare, motsin ya mutu. Ku yi kwanakin farko na gwaji da sanduna zalla, babu yadi, mai kalangu yana bugawa a hankali, har jikin kowa ya saba da jira. Kuma kowa ya taka inda na gabansa ya taka. Mai yanke kwana shi ne mai sa igiya ta yi sako-sako ta shiga ƙafar wani.

Mai ƙarfi a kai, mai gudu a wutsiya. Ƙaramin juyin da kai ya yi, kafin ya kai baya ya zama babban zagaye, don haka kada ku sa ƙaramin yaro a ƙarshe don kuna ganin can ne ba nauyi. Ku tanadi mutum biyu masu karɓar kai duk bayan minti goma. Wasa uku sun ishe ku a shekarar farko: tafiya a karkace, ɗagawa da saukewa, da naɗi. A naɗi kai yana shiga ciki yana zagaye har ya kai tsakiya, ya miƙe sama, a tsaya bugu takwas. Wajen fita wutsiya ce za ta ja gaba a warware. In kai ya ce zai fita ta ƙarƙashin jiki, yadin zai murɗe, kuma sai an ajiye shi ƙasa kafin a gyara.

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Ina so 'yan mata su yi rawar da ke kwaikwayon maciji a bikin 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kan Ghana, amma ba mu da kuɗin yadi da zobba. Akwai wadda ake yi da jiki kawai? Daga wata malama, Asawase.

Amsa: Akwai, Malama, kuma a ganinmu ta fi ta yadi kyau in an ƙware. Wadda ta fi suna ita ce Domba ta mutanen Venda a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, wadda baƙi suka fi sani da rawar mesa. 'Yan mata ne suke jeruwa ƙirji kusa da baya, kowacce ta riƙe hannun ta gabanta wajen gwiwar hannu, suna tafiya a hankali da kiɗan ganguna, hannuwan suna tashi suna sauka daga gaba zuwa baya. A wurinsu wani mataki ne na shirya budurwa shiga girma, da waƙoƙinsa da ƙa'idojinsa. Wannan nasu ne. Abin da za ki ɗauka shi ne tsarin layin, ki sa masa waƙar makarantarku.

Ki jera su bisa tsawo, doguwa a gaba, don hannu ya sami hannu ba tare da wata ta yi ɗage ba. Riƙon a gwiwar hannu yake, da tafin hannu a buɗe. Kada su riƙe hijabi ko ƙugun siket, domin in ɗaya ta yi tuntuɓe za ta shaƙe ta gabanta ko ta tuɓe ta a gaban jama'a. Taku gajere ne, rabin tafin ƙafa, duka da ƙafar hagu za su fara, ƙafa tana jan ƙasa. Ƙafafu tare suke tafiya, hannuwa ne kaɗai suke bin juna da jinkiri. Ki fara koya musu takun shi kaɗai har mako guda, sannan ki ƙara hannu.

Kada layi ya wuce yara ashirin. In sun fi haka ki yi layi biyu su riƙa giftawa. Kuma ki hana gudu gaba ɗaya: dogon layi in ya yi kwana da gudu, yaran ƙarshe ake wurgarwa, kuma filin makaranta mai tsakuwa ba ya yafe gwiwa. Don ado, tsohon zane mai zane-zane da aka yayyanka aka ɗaura wa kowacce a damtse ya isa, saboda damtsen ne idon mai kallo yake bi. Rana tana zafi a Maris, rawar kada ta wuce minti shida.

Tambaya: Za mu aurar da 'yarmu. Wani ya kawo mana shawarar a gayyato gardi ya yi wasa da macizai a gaban ayarin kai amarya. Gardin ya ce ya cire musu haƙora, kuma yana da makari. Me kuka gani? Daga wata Hajiya, Tafo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Shawararmu kai tsaye ita ce kada a gayyato shi da maciji mai rai. Gardanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, gardawa sun daɗe suna wasa da maciji da kura da biri a kasuwanni suna sayar da magani, kuma ba mu raina gwanintarsu ta riƙo ba. Amma gwanintar gardi kansa take karewa, ba ta kare jikarki da za ta kutsa gaba ta leƙa kwando.

Batun cire haƙori, ga yadda yake. Kumurci da gamsheƙa da kasa da kububuwa duk suna canja haƙoran dafinsu tsawon rayuwarsu. A bayan wanda ake gani akwai wasu ƙanana suna jiran layi. In aka karya na gaba, cikin makonni wani ya maye gurbinsa, kuma babu mai iya faɗa miki ranar. Jakar dafin tana nan a bayan ido ba a taɓa ta ba, dafin yana iya zuba cikin baki ya shiga raunin da sauran haƙoran suka yi. Baƙin kumurci mai tofi kuwa ba ya ma bukatar ya taɓa mutum, yana fesa dafi a ido daga nisan mita biyu ko fiye. Wasu masu wasa suna ɗinke bakin macijin. Wannan zalunci ne, yunwa da ruɓar baki suke kashe shi a hankali.

In ya ce mesa zai kawo, ba ta da dafi, gaskiya ne. Sai dai bakinta cike yake da haƙora masu lanƙwasa baya, cizonta yana yaga nama, kuma babba in ta naɗe wuyan mutum ta matse, mutum ɗaya ba ya iya kwance ta. Ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda ake fitarwa daga Ghana zuwa ƙasashen waje, tana da sanyin hali, amma ita ce za ta wahala. Maciji ba ya gumi, ba ya iya sanyaya jikinsa, awa biyu a cikin zafin rana daga hannu zuwa hannu tana iya kashe shi. Fatarsa kuma tana ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi, ga shi a wajen biki hannun da ya shafa shi ne zai shiga kwanon waina.

Rawar da ake cewa yana yi ba rawa ba ce. Maciji ba shi da kunne a waje. Girgizar ƙasa yake ji ta haɓarsa, da sauti mai kauri kaɗan-kaɗan. In ya miƙe ya fasa kai yana lilo, tsoro ya ji, yana bin motsin hannu ko abin busa da ido don ya kare kansa. Ganguna da tsalle-tsallen ayari ƙara firgita shi suke yi.

Sannan akwai taron kansa. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma a zango akwai mutanen da suka taso a karkarar arewa suka ga abin da kububuwa take yi. Ihu ɗaya a lungu mai kwata a buɗe ya isa a tattake yara da tsofaffi. Ga hukuma: riƙe namun daji a Ghana sai da izinin sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji.

A Indiya dokar kare namun daji ta 1972 ta hana kamun macizai don wasa. Mutanen Kalbeliya na Rajastan, waɗanda kamun maciji ne gadonsu, sai suka riƙe kiɗan da rawar. Matansu suna sa baƙin siket mai faɗi suna juyi suna lanƙwasa kamar gamsheƙa, maza suna busa, kuma a 2010 UNESCO ta sa waƙoƙinsu da rawarsu cikin jerin al'adun duniya. In kina son ayari ya yi armashi, ki ɗauki makaɗa ki ƙara musu kuɗin da za ki ba gardin.

Tambaya: To in tsautsayi ya sa maciji ya sari wani a taro, me za a yi kafin asibiti? Daga wani ɗan agaji, Alabar, Kumasi.

Amsa: A janye shi daga wurin, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi ya hau. A ɗaura wa hannun ko ƙafar katako don kada ta motsa, ɗauri sako-sako wanda yatsa zai iya shiga. A ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa, a kira 112 ko a sa shi a mota zuwa asibitin gwamnati mafi kusa. Kada a ɗaure da igiya tamau, wannan yana kashe gaɓar har a kai ga yankewa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a tsaya ɗora baƙin dutse ko jiƙa makari, duk ɓata lokaci ne. Kada a ba shi asfirin ko dangoginsa masu tsinka jini. In yana amai ko barci yana ɗaukarsa, a kwantar da shi ta gefen hagu.

Saran kububuwa yana yaudara, shi ya sa ake ce mata gobe da nisa. Mutum zai ce ya ji sauƙi alhali jininsa ya daina daskarewa, sai daga baya dasashi ya fara zubar jini. A asibiti ana ɗiban jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilas a bar shi minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Saran gamsheƙa kuwa alamarsa fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi wuya. In tofi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, minti goma sha biyar ko fiye, kada a murza, sannan a tafi asibiti. Kada wani ya bi macijin don ya kashe ya kai wa likita, hoto daga nesa ya wadatar.

Tambaya: Yarana, ni abin da ke damuna daban ne. Wannan wasa ba kwaikwayon bori da tsafi ba ne? Daga wani dattijo, Sabon Zango, Accra.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka tana kan hanya, domin yawancin bukukuwan maciji na duniya bauta ce. A borin Hausa akwai Danko ɗan Musa, wanda in ya hau mutum yake jan ciki a ƙasa. A garin Wida na Jamhuriyar Benin akwai ɗakin mesa inda ake girmama Dangbe, kuma a watan Janairu akwai ranar hutu ta masu addinin gargajiya a ƙasar. Mutanen Hopi na Arizona a Amurka suna rawa da macizai masu dafi a watan Agusta don roƙon ruwa, kuma sun rufe ta ga 'yan kallo na waje. A ƙauyen Kokullo na Italiya, ranar 1 ga Mayu ake lulluɓe gunkin wani waliyyinsu da macizai marasa dafi a zagaya gari da shi, daga baya a mayar da su daji. Mu kuma a tarihinmu maciji abin da aka kashe ne: Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura.

Wasan da matasan Aboabo suke nufi ba shi da yanka, ba kirarin iska, ba roƙo. Duk da haka hukuncin halal da haram na malamai ne, kuma suna da magana a kan yin surar abu mai rai. Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce ta je wurin limamin unguwa da Sarkin Zango kafin ta sayi ko yadi ɗaya. In suka ce a cire kan, zobba da igiya da takun duk suna nan, a sa tutar ƙungiya a sandar gaba. Abin da muke hanawa da kanmu shi ne ɗaukar kayan ibadar maƙwabta a yi wasa da su, kamar farar ƙasa a fuska da waƙoƙin ɗakin tsafinsu. A Kumasi ma maciji yana cikin alamomin sarautar Asante, inda ake zana babbar kasa ta kama tsuntsu don nuna haƙuri, don haka kada a kwaikwayi kayan fada.

Tambaya: Sai mun nemi izini kafin mu fito titi? Daga sakataren wata ƙungiya, Nima, Accra.

Amsa: Ƙwarai, Malam. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994, mai lamba 491, ta ce a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar. Ku rubuta rana da lokaci da hanyar da za ku bi. Ku da kuke Accra ku lura da hanin kiɗa da hayaniya da sarakunan ƙabilar Ga suke sawa na wajen wata guda kafin bikinsu na Homowo, yawanci daga Mayu zuwa Yuni. In bikinku ya faɗo ciki, ku ɗaga fitowar. 'Yan Kumasi su duba kalandar Akwasidae, ranar bikin gargajiyar Asante, wadda take zuwa ranar Lahadi duk mako shida, saboda hanyoyin Manhyia, inda fadar Sarkin Asante take, suna cika.

Kwana biyu kafin fitowa, mutum biyu su bi hanyar da ƙafa da gora mai tsawon mita uku, wato iyakar inda kan zai kai in an ɗaga shi. Duk inda gorar ta kusa taɓa wayar lantarki su shafa alli a bango, a nan za a sauke kai zuwa kafaɗa. Su lura da kwatocin da ba murfi da kwanar da ta fi ƙunci. Ranar fita ku sa mutum huɗu a gefe suna hana yara shiga ƙarƙashin yadin, ɗaya kuma ya biyo baya da jakar ruwan leda, zobe uku na canji, waya da filaya.